Ranar da Bahago Ya Juya wa Shaho Baya

A ofishinmu akwai wata doka da ba a rubuta a ko'ina ba, amma har mai shara ya san ta: duk ɗan ƙwallon da hotonsa zai hau shafinmu na intanet, dole ya kalli shaho. Shahon shi ne tambarin kamfani. Yana zaune a saman kowane zane ta hannun dama, ruwan zinare a kan shuɗi mai duhu. Ni na zana shi, kuma abin haushin, dokar ma daga bakina ta fito. Lokacin da aka ɗauke ni aiki ina ɗokin in nuna wa Ciyaman ba a banza na yi karatun zane ba, sai na ce masa idon mai kallo yana bin inda fuskar da ke cikin hoto ta dosa, saboda haka ya fi kyau ɗan wasa ya fuskanci tambari. Magana ce irin ta sabon ma'aikaci, a faɗa a wuce. Ciyaman bai wuce ba. Ya rungume ta hannu bibbiyu, har gobe yana faɗa wa baƙi ita kamar shi ya gano ta a mafarki.

Ciyaman shi ne mai kamfanin. Aikinsa nema wa 'yan ƙwallo ƙungiya da ƙulla musu kwantiragi, kuma a wannan fannin ban raina shi ba. Aikina ni in sa kamfanin ya yi kyau a ido: hotunan sanarwa, launi, salon harufa, katin taya murna in ɗan wasanmu ya ci ƙwallo, katin jaje in ya ji rauni. A nan muke raba hanya, domin Ciyaman ya yi imani duk wanda Allah ya ba ido biyu ya iya zane. Teburina yana daf da ƙofar ofishinsa, na ba ƙofar baya, kwamfutata kuma tana fuskantarta. Kafin in ji takunsa nakan ji turarensa, daga nan sai in ga yatsansa a kan gilashin kwamfutar. Har tsumma na ajiye a aljihun tebur musamman saboda shatin yatsan nan.

Shahon ma ya ga ta kansa. Da na fara zana shi tsuntsu ne siriri, layi kaɗan, fes da shi. Ciyaman ya ce ya yi kama da tantabarar da ta kwana da yunwa, na ƙara masa ƙirji. Ya ce a sa masa ƙwallo a ƙafa, na sa. Matarsa ta gani a waya ta aiko cewa a ɗora masa kambi. Lauyan kamfani, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce ai tambari ba ya cika sai da tauraro. Yanzu shahon namu yana ɗauke da kaya kamar mai ƙaura, kuma sunana ake kira in an tambayi wanda ya zana shi.

Duk wannan na saba da shi. Abin da ban saba ba shi ne aikin da ke gabana ya zama na ɗan gidanmu.

Bahago ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke bi na. Yana cikin 'yan wasan kamfanin, shi ne ma ya kawo ni, lokacin tauraronsa na haskawa. Lamba uku yake bugawa, wato mai tsaron baya ta gefen hagu, kuma duk abin da ya mallaka a duniyar ƙwallo yana cikin ƙafarsa ta hagu. Damarsa, kamar yadda abokansa ke tsokanarsa, ta hawa mota ce kawai. To gwiwar wannan hagun ce ta tashi aiki a wani wasa. Aka yi masa tiyata, ƙungiyarsa ta sallame shi da fatan alheri, ya dawo gida ya zauna fiye da shekara. Na ga lokacin da yake zuwa banɗaki da sanduna biyu. Na ga lokacin da ya koma guda. Ranar da ya jingine ta a bayan ƙofa ya taka tsakar gida da ƙafarsa, Mama kuka ta yi har sai da ya dawo yana lallashinta. Ni nake raka shi wajen gashin ƙashi, ina riƙe masa jaka, ina jin yana cije leɓe don kada in ji nishinsa.

Sai ga wata ƙungiya a rukuni na biyu, ba babba ba, lamba ukunsu ya tafi ya bar su. Kocinsu ya san Bahago tun da, ya ce bahago na gaske yake nema, ba irin waɗanda ake turawa gefen hagu don babu yadda za a yi ba. Ya ce ya zo gwaji a mako mai zuwa, kafin a rufe rajistar 'yan wasa. A shekarun Bahago, da irin gwiwar nan, ba kowa zai sake kiransa ba. Babu wanda ya faɗi haka a gidanmu, amma kowa ya sani. Mama ta daina aikensa ko bakin titi, wai kada ya taka wani abu.

Ciyaman ya ce kafin gwajin sai an girgiza shafi, duniya ta san ɗan wasansa ya dawo. Mai hotonmu ya bi Bahago filin atisaye ya ɗauko hotuna tuli, kuma a cikinsu akwai guda ɗaya da na gani na kasa ɗauke ido a kansa. Yana tsakiyar bugu, jikinsa ya karkata, hagun ta miƙe ta gama da ƙwallon, tabon tiyatar yana nan a gwiwa ƙasa da gajeren wando. Fuskarsa irin wadda na sani ce, ta ranakun gashin ƙashi. Na ɗora shi a kan shuɗinmu, na rubuta kalma biyu a ƙasa: Ya dawo. Ban ƙara komai ba, don bai buƙaci komai ba.

Sai na ji turare.

Ciyaman ya ce zanen ya yi fayau kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya, a sa wuta a bayansa. Na sa wuta. Ya ce yanzu kamar yaron ne ke ƙonewa, a mai da ita walƙiya. Na mai da ita walƙiya. Ya ce rubutun ya ƙara girma, sannan ya ce rubutun ya danne shaho, shahon ma ya ƙara girma. Ya ɗauki hoton gilashin da wayarsa ya tura wa matarsa, ta aiko da saƙon murya mai tsawo cewa shuɗin ya yi duhu, alhali shuɗin da muke amfani da shi ke nan tun ranar da aka buɗe shafin. Lauya ya zo wucewa da kofin shayi ya ce a sa lambar waya. Abincina ya huce a cikin kula. Na adana zanen da suna "na ƙarshe", na sake adana wani da "na ƙarshe na gaske", har na kai ga "na ƙarshe wallahi".

Da ya zo kan tabon muka yi ja-in-ja sosai. Ya ce a goge, babu mai sayen kaya da tabo a gaba. Na ce tabon shi ne labarin, in babu shi daga ina aka dawo. Ya ce labari na 'yan jarida ne, shi ɗan kasuwa ne. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, kaina kuma ya fara sarawa. Na goge tabon. Gwiwar ta fito sumul kamar ta jariri.

Na ɗauka an gama. Har ya juya zai koma ofis, sai ya tsaya, ya dawo, ya dangwala yatsa a kan fuskar ƙanina.

"Ya juya wa shaho baya," in ji shi.

Gaskiya ne. Bahago hagu yake kallo, shahon yana can dama a bayan ƙeyarsa.

"Yallaɓai, sai in mai da shahon hagu. A wannan zanen kaɗai."

"Shaho ba ya tashi daga wurinsa. Ɗan wasa ne ke zuwa ya tafi. Ba ke kika koya mini ba?"

Ni ban taɓa koya masa haka ba, amma wa zai tsaya yi masa bayani. Na koma cikin sauran hotunan ina neman wanda Bahago ya kalli dama. A ɗaya yana shan ruwa, a ɗaya ido a rufe, a ɗaya yana sosa ƙeya yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da laifi. Ciyaman yana tsaye a kaina yana numfashi, yana duba agogo, yana cewa yanzu ne mutane ke kan waya, in aka wuce wannan lokacin an yi asarar ranar.

Duk mai zane ya san maganin irin wannan, kuma danna guda ne. Na juya hoton, hagu ta koma dama. Bahago ya fuskanci shaho, Ciyaman ya ce yauwa.

Sai dai in ka juya hoto, duk rubutun da ke cikinsa ya koma bai-bai, kuma a nan ake gane ƙwararre da ɗan koyo. Ni kuwa ba na son a raina mini aiki. Lamba ukun da ke jikin wandonsa ta juya, na yanke ta na gyara mata zama, har da lanƙwasar yadin. Rubutun ƙirjin rigarsa na sake shi harafi bayan harafi. Allon talla da ke can bayansa, wanda ko mai hoton bai lura da shi ba, shi ma na daidaita. Har alamar da ke gefen takalminsa ban bari ba. Na ƙara girman hoton na bi shi lungu-lungu, ban ga inda wani zai ce an taɓa ba, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Duk abin da ke da rubutu na duba. Ƙafa ba ta da rubutu, ban dube ta ba.

Ciyaman ne kaɗai ke da lambar sirrin shafin. Ni in zana, shi ya ɗora daga wayarsa, haka tsarin yake tun ranar da wani tsohon ma'aikaci ya ɗora hoton ɗaurin aurensa bisa kuskure. Na tura masa, ya ɗora, na buɗe kulata na fara cin abinci mai sanyi.

Ban kai rabi ba ya fito baki har kunne, waya a sama, yana cewa shafi ya kama da wuta, bai taɓa ganin sharhi na zuba haka ba. Na buɗe a kwamfutata ina taunawa. Na farko da idona ya faɗa a kai gajere ne: "Bahago da dama?"

Na kalli zanen. Na ajiye cokali. Ƙanina ne, a rigarsa, da lambarsa, yana narka wa ƙwallo ƙafar dama, hagun kuma tana ƙasa a dogare.

Kan ka ce kwabo magana ta yi nisa. Wani ya ce ai dama an faɗa, hagun ta mutu tun a asibiti, ga shi kamfaninsa da kansa ya tona asiri. Wani ya ce yanzu hagun ce ta koma ta hawa mota. Wani mai kiran kansa masanin ƙwallo, wanda na tabbata ko ƙwallon leda bai taɓa bugawa ba, ya ɗauki zanena ya zazzaga masa jan da'ira, ya yi dogon bayani a kan yadda tsayuwar ƙafar ke nuna tsoro. Daga nan magoya bayan ƙungiyar da za ta gwada shi suka kwashi hoton suka kai shafin ƙungiyarsu, suna tambaya ko gidan jinya aka buɗe.

Na shiga ofishin Ciyaman ko sallama ban yi ba. Na ce a sauke zanen yanzu, a ɗora na asali, a yi bayani. Ya dube ni kamar na ce a rushe ginin. Ya ce kamfani ba ya goge abin da ya ɗora, gogewa amsa laifi ne. Ya ce in dubi yadda mutane ke shigowa, tun da aka buɗe shafin ba a taɓa samun mabiya a yini guda kamar yau ba. Na ce ba ƙaunarmu ta kawo su ba, dariya suka zo yi. Ya ce mai dariya ma mabiyi ne. Sai fuskarsa ta yi haske irin na mutumin da dabara ta faɗo masa, ya ce in je in zana wani, a rubuta da manyan harufa cewa Bahago yanzu ƙafa biyu yake bugawa, a sa walƙiya a kowace ƙafa.

Ina tsaye ina neman kalmar da zan faɗa wadda ba za ta raba ni da aikina ba, sai ga Bahago a bakin ƙofa. Daga filin atisaye yake, jaka a kafaɗa, zufa ba ta gama bushewa ba. Ya gaida Ciyaman da ladabi kamar kullum. Ni kuma ya ce, "Yaya, sannu da aiki," kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ce Koci ya kira shi. An ɗaga gwajin, wai sai sun neme shi.

Ciyaman ya shiga zuba, wai wannan ai talla ce kyauta, wai gobe manyan ƙungiyoyi za su yi layi, ya kuma kawo masa maganar ƙafa biyu. Bahago ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce in aka rubuta haka, ranar gwaji za a ba shi ƙwallo a dama, kuma kowa zai ga abin da damar za ta yi da ita. Ya nemi kujera a gefen teburina ya zauna, ya ɗora jakar a cinya.

Na karɓi lambar Koci na tura masa hoton asali, da tabonsa da komai, sannan na kira shi. Na gabatar da kaina, na ce ni ce mai zanen, ni ce kuma yayar yaron. Na yi masa bayani dalla-dalla yadda na juya hoton, yadda na gyara lamba da rubutu. Ina jin ma a cikin bayanin sai da na ɗan yi alfahari, don hali ba ya ɓuya. Dattijo ne mai sanyin murya, ya bar ni na kai aya.

"'Yata, ni na san ƙafar yaron nan tun kafin ki san kwamfuta," ya ce. "Amma ba ni nake sa hannu ba. Kuma ke da bakinki kin ce kina iya juya lamba ta zauna daidai. In na kai wa masu ƙungiya wannan na biyun, suka ce shi ne aka juya, me zan ce musu?"

Ya ce masu ƙungiyar ba ƙafa suke tsoro ba, surutun magoya baya suke tsoro, kuma sun ce a dakata har maganar ta lafa. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, ya yi mana addu'a, ya kashe waya.

Abin da ya faɗa kuwa shi ya faru. Bahago ya ɗora hoton asali a nasa shafin, ni ma na ɗora a nawa. Mutane suka ce to, an ji kunya an je an juya hoto. Masanin nan mai jan da'ira ya dawo ya ajiye hotunan biyu gefe da gefe, ya yanke hukunci cewa na kamfani ne na gaskiya, don ya fi tsabta, tabon da ke na biyun kuma zana shi aka yi don neman tausayi. Washegari na bi Bahago fili na ɗauke shi bidiyo yana buga ƙwallo da hagu har sai da ƙwallayen suka ƙare. Aka ce bidiyo ma ana juya shi. Waɗanda suka kalli bidiyon ma ba su kai cikin cokalin waɗanda suka ga zanen farko ba, shi kuwa yana nan a shafin kamfani yana ta tara jama'a, Ciyaman yana leƙa shi kamar mai kiwon kaji.

A gida Mama ta sa na zauna na yi mata bayani, na sake yi, ba ta ga inda wahalar take ba. Ta ce tunda juya shi na yi, in juya shi ya koma mana. Na ce na juya, ba a yarda ba. Ta ce to su waye ba su yarda ba, a faɗa mata gidansu. Da na ce mutanen waya ne, ba a san su ba, sai ta yi tagumi ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka hana mutum aiki saboda ya kalli gabas ko yamma a hoto ba. Daga ƙarshe ta dube ni ta ce, ke da kike riƙe masa jaka a asibiti. Ba ta ƙarasa ba, ta tashi ta shiga kicin ta hau wanke tukunyar da na ga ta riga ta wanke.

Bahago bai daina fita atisaye ba. Kullum da safe yana zama a kan dakalin ƙofar ɗakinsa yana ɗaure takalmi, wayarsa a gefe, fuskarta sama, ko Koci zai kira. Wata safiya na tsaya a kansa da jakata a hannu, na ce masa ya yi haƙuri. Na fara kawo masa maganar Ciyaman da matarsa da walƙiya da yunwar da nake ji a ranar, ina ji da kunnena yadda maganar ba ta da nauyi. Bai ɗago ba, yana ta jan igiyar takalmin.

"Yaya, na san ba da gangan ba ne," ya ce. "Kawai dai shekara na yi ina koya wa ƙafar nan tafiya. Na so a gan ta."

Ya miƙe ya buga ƙafar a ƙasa don takalmin ya zauna, ya ɗauki jakarsa ya fita. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana, ko ɗingishi babu. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san wanda zan sauke wa ba, don duk inda na juya ni nake gani a layin farko.

Ana gab da rufe rajista Ciyaman ya fito daga ofis da fara'arsa, ya ce akwai aikin gaggawa, sanarwar sabon kwantiragi. Ya turo mini hoto. Dogo ne, wani ɗan wasanmu matashi, shi ma lamba uku, shi ma bahago. Na tambayi ƙungiyar da ya samu, duk da jikina ya riga ya ba ni. Ya faɗi sunanta ko ƙifta ido bai yi ba: wadda ta kira Bahago gwaji ce. Ya ce kada in kalle shi haka, gurbi ne a buɗe, in bai cike shi da ɗan wasanmu ba wani kamfani zai cike, kuma Bahago yana ransa, da zarar an buɗe kasuwa ta gaba shi ne na farko. Ya ce in yi sauri, masu ƙungiya suna jira su ɗora a nasu shafin.

Na so in ɗauki kwamfutar in ɗora masa a ka. Na so in ɗauki jakata in fita kada in sake waiwayar ginin. Amma gida guda ba ya ɗaukar mutum biyu marasa aiki, kuma Dogo bai yi mini komai ba, yaro ne mai gaisuwa. Na buɗe hoton. Yana tsakiyar bugu da hagu, jikinsa a karkace, kuma hagu yake kallo, ya ba wa wurin shaho ƙeya.

Ban tambayi kowa ba. Na kama shahon da kambinsa da tauraronsa da ƙwallonsa, na ja shi daga dama na ajiye a hagu. Ko numfashi biyu ban yi ba an gama. Na rubuta barka da zuwa a ƙasa, na naɗe hannu, ina jiran turare. Na shirya masa tsaf, har kalmomin da zan faɗa na jera, kuma a wannan karon na ƙudurta ko me zai faru ba zan juya ɗan kowa ba.

Ya zo ya tsaya a bayana. Ya kalli zanen, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Yatsan ya sauka a kan shahon.

"Kin canza masa wuri," in ji shi.

"Na canza, Yallaɓai."

"Kin ga kuwa haka ya fi kyau. Ya ba da wani sabon salo. Me ya sa ba ma yin haka tun da?"

Ya ce in turo masa yanzu-yanzu, ya koma ofis yana amsa waya.

Duk kalmomin da na jera suna nan, babu wanda zan faɗa wa. Na tura masa zanen Dogo. Na jawo aljihun tebur na ɗauko tsumma na goge shatin yatsan daga gilashi. Sannan na buɗe hoton Bahago na asali, wanda ke da tabon, na ɗora shi a kan shuɗi ba wuta ba walƙiya, na ja shahon na ajiye masa a hagu, daidai inda yake kallo. Na rubuta kalma biyun nan a ƙasa. Ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa yin zanen da ya kai shi ba. Na adana shi, na rasa wanda zan tura wa.